Fursunan da Aka Kama da Ludayi

Shekara biyu na yi ina tuƙa wani tsoho ɗan Iran mai shagon kafet a Doha. Lokacin yaƙinsu da Iraƙi kuku ne, shinkafa yake dafa wa sojoji. Bayan yaƙin hukumar ƙasarsu ta turo marubuci ya yi hira da shi yini guda, aka buga littafi da sunansa a bango.

Ba na jin Farisanci, don haka shi yake fassara mini da Larabci idan danja ta tsayar da mu. Sau uku aka buga littafin. A bugun farko an ce wani sojan Iraƙi ya miƙa masa wuya. A na biyu suka zama uku. A na uku sun kai goma sha biyu, duk da ludayi ya kama su, yana kabbara.

Na ce, "Baba, wanne ne gaskiya?"

Ya ce, "Mutum ɗaya ne, shi ma yunwa ta kawo shi. Ranar Juma'a za ka gan shi."

Ashe sojan yana raye, yana kula da wata gonar dabino a Umm Salal. Muka same shi ya shimfiɗa tabarma, ya haɗa shayi. Ko zama ba mu gama yi ba maigidana ya zaro bugu na uku ya ce, "Ga fursunana."

Ba'iraƙen ya ce, "Baƙo dai. Sallama na yi, ka miƙo mini faranti."

"Fursuna! A rubuce yake."

Na dubi maigidan, mutumin da ya gama ƙaryata littafin nan a mota. Ya kau da kai.

"To ina sauran goma sha ɗayan?" in ji Ba'iraƙen.

"Duk kai ne. Abincin mutum goma sha biyu ka cinye."

Da musu ya yi zafi sai suka ce ni zan raba gardama, tunda ƙasata ba ta shiga yaƙin ba. Suka ɗora mini littafin a cinya. Baƙaƙen na san su tun makarantar allo, ma'anar ce babu. Na gyara murya na karanta shafi guda da ƙira'a, suna sauraro kai a sunkuye.

Da na kai aya maigidana ya ce, "Ka ji ko?"

Ba'iraƙen, wanda shi ma ba ya jin Farisanci, ya ce, "Na ji. Littafin ma baƙo ya ce. Khalas, magana ta ƙare."

Aka ƙara mini shayi. Washegari na roƙi Baba kada ya sake sa ni alƙalanci, ya ce ai ya riga ya gaya wa matarsa na yanke hukunci, na ba shi gaskiya.