Sahabi da Keken da Ba Ya Tafiya

Sahabi mai fito da jirgin ruwa ne a Warra, tun Yauri tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Yana saurayi ruwan Kainji ya cinye ƙauyensu, aka ce don a samu lantarki ne. Tun daga nan, duk abin da aka ce don amfaninsa ne, sai ya leƙa ƙarƙashinsa.

Da gwiwarsa ta sage, ɗiyarsa Rahamatu ta kai shi wani asibiti a Yelwa. Aka ɗora shi kan keke mai ƙafa ɗaya, kafe a ƙasa. Wani ma'aikaci ya nuna masa wurin murɗawa: dama ƙarin nauyi, hagu sauƙi. Ya ce ya riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Sahabi ya murɗa dama, ya taka, ya ji nauyi. Ya sauka ya zagaye keken. A saninsa, filafili ba ya nauyi haka sai an lafta wa jirgi kaya.

"Kayan wa nika ja?" ya tambaya.

Ma'aikacin ya ce birki ne kawai ke matse ƙafar keken. Sahabi ya dubi fankar da ke juyawa bisa kansu, ya sake duban keken.

Bai taɓa fashi ba, amma kullum sai ya murɗe hagu har ƙarshe kafin ya hau. Da Rahamatu ta dame shi da mita, ya ce, "Na ba su garinmu don wutarsu. Ƙarfina kau, su biɗi wani."