Sailuba Mai Kitso da Kunnen Su'ad

A Kwarbai in ka ce Sailuba mai kitso, ko yaro zai nuna maka lungun. Gida ne na ƙasa mai ɗan ƙaramin zaure, tsakar gidan da ƙyar yake ɗaukar tabarma uku, amma kawunan matan unguwar da ba su taɓa kwanciya a cinyarta ba kaɗan ne. Hannunta da zafi, bakinta ma haka. Takan ja gashi har mace ta yi ƙwalla, sannan ta ce, "To ki tafi wurin masu lallashi, ya warware kafin Juma'a." Ba wadda take tafiya.

Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun da sauran ƙuruciyarta wata mata ta kira ta juya a gidan biki, a kan abin da bai kai ya kawo ba, sunan kuwa ya manne mata. Yau ta haura hamsin, matar ma ta daɗe da rasuwa, amma in aka ce wace Sailuba, akwai tsofaffin da za su rage murya su faɗa. Daga nan ta san halin birni, in suna ya kama mutum ba ya saki. Ta kuma san ta inda magana take bi ta zaga gari, don rabinta a tsakar gidanta take sauya hannu, tsakanin mai shuku da mai jiran kalaba.

Su'ad ɗiyar ƙanenta Isma'ila ce, aka ba ta riƙonta tun daga yaye. Tana firamare sanƙarau ya kwantar da ita, har an fid da rai. Ta tashi, sai dai kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma yana jin ƙara amma ba ya rarrabe magana. A asibiti aka gaya wa Sailuba, ta dawo gida ta haɗiye. Ko uban yarinyar abin da ya sani shi ne kunnen yana da ɗan nauyi. Ita dai ta rantse wa kanta cewa ba za a kira 'yarta kurma a lungunan nan tana raye ba.

Yarinyar ce ta nemo wa kanta hanya. Ta koyi karanta magana a laɓɓan mutane, ta iya har ba ka ganewa. Illar kawai, dole ta ƙura wa mai magana ido, a garin da ake so yarinya ta sunkuyar da kai gaban manya. Sai aka sa mata tsaurin ido. Mata suna cewa, "Sailuba, ki yi wa 'yar nan faɗa, kallon mutum take har cikin ƙwayar ido." Sailuba takan ce, "Ai ina yi," tana jin daɗi a ranta, don tsaurin ido suna ne da mutum zai iya ɗauka ya yi yawo da shi. A makaranta Su'ad ta kama kujerar gaba ta ƙi saki, har ta kai aji biyar na sakandare ba ta taɓa fita daga sahun masu ƙoƙari ba. Burinta ta karanta haɗa magunguna.

Sai korona ta zo, aka rufe makarantu, aka ce yara su bi darasi ta rediyo. Ranar farko Su'ad ta kara akwatin a kunnen dama, ta ƙure murya har maƙwabta suka leƙo, ta ajiye ta shiga ɗaki ta kwanta. Rediyo ba ta da laɓɓa. Washegari Sailuba, wadda ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa shiga da sunan karatu ba, ta saki labule, ta zauna gaban yarinyar gwiwa da gwiwa, rediyo a kafaɗarta. Duk abin da malamin ya faɗa sai ta maimaita, tana buɗe baki sosai. Na Hausa da sauƙi. Turanci kuwa haka take kwaso shi kamar mai ɗaukar garwashi da hannu, ta watsa, Su'ad ta duba littafi ta lalubo abin da ake nufi, wani lokaci ta yi dariya har ta kwanta. Wata da watanni suna haka. Sailuba ta hana kitson safe, ta ce wa mata dokar kulle ce, alhali ita dokar ba ta taɓa hana ta komai ba.

Da aka sanar za a koma makaranta ta yi hamdala, ta raba waina sadaka. Ta ɗauka wahala ta ƙare.

Ashe nan aka fara. A bakin ƙofar makaranta an ajiye bokiti da sabulu, an ce ba mai shiga sai da takunkumi, malami da ɗalibi. An rarraba kujeru, aka mai da dogaye baya, Su'ad kuwa ta yi tsawo a zaman gidan nan. Ranar farko ta dawo ta ce lafiya lau. Rana ta biyu ma haka. Kafin sati ya zagayo ta daina cin abincin rana, ta daina buɗe jaka, da safe sai an yi da gaske take tashi. Sailuba ta dafa kafaɗarta, don sai an taɓa ta take juyowa, ta ce, "'Yar nan, gaya min gaskiya."

"Gwaggo, duk bakinsu a rufe yake," in ji Su'ad. "Ina ganin ƙyallen yana motsi, shi ke nan. Jiya an kira sunana ban sani ba, aka sa ni durƙuso wai raini."

"To in je in gaya musu?"

"In kika faɗa na bar makarantar."

Tun daga ranar hankalin Sailuba bai sake kwanciya ba. Tana kitso tana ɓata tsaga, abin da ba a san ta da shi ba, har wata ta ce ko idon ne ya fara. Isma'ila ya zo gaisuwa daga Kaduna inda yake aiki, ya ji yarinyar ta yi sanyi da karatu, ya ce shi dama yara da yawa sun watsar a hutun nan, in zangon ya ƙare ba ta taɓuka komai ba ta zauna gida ta kama sana'ar gwaggonta, ai ba abin kunya ba ne. Ba da mugunta ya faɗa ba, wannan ne ma ya fi tsorata Sailuba. Ta san abin da shekara talatin na sunkuyo a kan kawunan mutane ya yi wa bayanta. Ta yi ta tambaya a kaikaice yaushe za a daina sa takunkumin nan, kowa ya ce sai abin da Allah ya yi.

Wata Asabar da hantsi Malama Jamilatu ta yi sallama. Ita ce malamar ajin su Su'ad, 'yar Ƙofar Gayan, ta daɗe tana kawo kanta gidan. Su'ad ta tafi Islamiyya. Mata biyu suna zaune suna jiran layi. Malama ta kwantar da kai, Sailuba ta ɗauki kibiya ta fara tsaga.

"Gwaggo Sailuba, dama ina son ganinki," in ji Malama. "Yaran nan duk sun dawo mana wani iri, wasu ko riƙon biro sun manta, muna ta lallaɓawa. Amma ta Su'ad ta fi damuna. Yarinyar da take cinye ni da ido a aji, yanzu sai in yi ta magana tana kallon taga. Ko an saya mata waya ne?"

"Ba ta da waya."

"To ko wani ne yake hure mata kunne? Kin san shekarun."

Matan biyu suka daina hirarsu. Ɗaya ta gyara zama. Sailuba ta ga kunnuwansu sun miƙe, ta san duk kalmar da ta fito daga bakinta kafin la'asar ta kai bakin kasuwa. Ta ce, "Zan yi mata faɗa," ta ci gaba da kitso. Malama ta ƙara da cewa in aka yi gwajin da ke tafe ba ta motsa ba, shugabar makaranta za ta mai da ita aji huɗu, kuma za a kira mahaifinta. Sailuba ba ta taɓa yin kitson da ya yi mata tsawo kamar wannan ba.

Da aka gama Malama ta ɗaura ɗankwali, ta sa hijabi, ta yi sallama. Sailuba ta ce bari ta taka mata. Matan suka kalli juna, don ba ta raka kowa ko da matar hakimi ce, takan ce ƙofa ba ta sauya wuri ba. A zaure ta riƙo gefen hijabin Malama. Sai da ta yi yunƙuri biyu kafin maganar ta fito.

"Malama, yarinyar nan ba ta ji."

"Ai shi nake faɗa, ba ta jin magana yanzu."

"Ba wannan ba. Kunnen ne. Tun sanƙarau. Bakinku take kallo, shi ya sa take ƙura muku ido. Kun rufe bakin, kun mai da ita baya."

Malama Jamilatu ta jingina da bango. Sannan ta tambayi yadda aka yi da darasin rediyo, Sailuba ta gaya mata a gajarce, tana leƙen ƙofar cikin gida. Idon Malama ya kawo ruwa, abin da ya ba Sailuba haushi, don ba tausayi ta fito nema ba.

"Ni dai roƙona ya tsaya tsakaninmu," in ji ta.

"Gwaggo, da zai yiwu wallahi da na yi. Zan dawo da ita gaba, in ja baya wajen allo in sauke takunkumi in ina bayani. Amma ni darasi ɗaya nake koyarwa. Sauran malaman fa? Sai shugaba ta sani ta ba da izini, don masu duba makarantu suna shigowa ba sanarwa. Kuma yara ba makafi ba ne, za su tambayi dalili. In na ce miki zai ɓoyu na yi miki ƙarya. Ke za ki zaɓa."

Sailuba ta tsaya. Ta san ofishin malamai, rabin matan cikinsa a hannunta suke kitso. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun ranar asibiti, ta kuma san yarinyar ta hana ta. Daga cikin gida wata ta ɗaga murya tana tambayar ko an manta da su ne.

"Ki faɗa musu," in ji Sailuba.

Ba ta iya gaya wa Su'ad ba. Lahadi ta wuce tana cewa anjima, anjima. Ran Litinin ta bi ta da kallo har ta sha kwanar lungu, ta dawo ta sallami duk wadda ta zo, ta ce kanta ke ciwo. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya ta manta da gishiri. Duk sallamar da ta ji a zaure sai ta leƙa.

Bayan azahar Su'ad ta shigo. Ta cire takalmi, ta wuce ta zauna bakin gado ta ba ƙofa baya. A gidan nan babu hukuncin da ya kai wannan, don in ta juya baya ko ihu za ka yi ba ka da hanyar isa gare ta. Sailuba ta tsaya a bakin ƙofa tana ba bayan yarinyar haƙuri, tana bayani, ta san sarai ba a jin ta. Da ta gaji ta zagaya ta durƙusa a gabanta, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗago mata haɓa.

Idon yarinyar ya yi ja. Ta ce, "Na ce kar ki faɗa."

"Kin ce. Na faɗa."

"Kowa ya sani. Da aka fita tara 'yan ajinmu suka cire takunkumi suna cin abinci, na gani a bakinsu. Kurma, kurma. Har da ƙawata." Ta share hanci da bayan hannu. "Sun ɗauka don suna nesa ban sani ba."

Kalmar da Sailuba ta yi shekaru tana tarewa ke nan, yau ga ta a cikin ɗakinta, kuma ita ta buɗe mata ƙofa. Ta ji kamar ta fita ba mayafi ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Ta daure ta ce, "Malaman fa?"

Su'ad ta tura baki, kamar ba ta son amsa cewa faɗar ta yi amfani. Can ta ce, "Sun sauke takunkumin. Sai na lissafi ne yake mantawa ya juya wa allo yana magana." Ta ɗan tsaya. "Malama ta yi tambaya na ba da amsa."

Sailuba ta riƙe hannuwanta biyu. Tambaya ɗaya ta rage, ita ce kuma take tsoro, sai da ta tabbata yarinyar tana kallon bakinta sannan ta yi ta a hankali.

"Gobe za ki koma?"

Su'ad ta zare hannuwanta. Ta cire farin hijabin makarantar, wanda ta jiƙa gefensa da hawaye a hanya, ta dunƙule shi ta ajiye a cinyar gwaggonta.

"Ki wanke min yanzu," in ji ta, "in ba haka ba ba zai bushe kafin safe ba."

Ta sake juya baya. Sailuba ta tashi da ƙyar ta fita neman sabulu.