Ɗan Farin da Aka Ɗora Mata a Ƙirji

Sikelin awon yara yana da wani ƙii da yake yi idan aka rataya jariri. A reshen dogon yaro muke ɗaure shi, gaban ɗan asibitin wani ƙauye kusa da Horo Birni. Har yau idan ƙofa ta yi irin wannan ƙara sai raina ya ɓaci.

Na gama karatu ke nan, ina zaune gida a Bodinga, aka ce wasu 'yan sa-kai sun zo daga Turai suna neman tafinta. Na yi murna. A lokacin ina ganin duk wanda ya ƙetaro teku don ya taimaki wanda bai sani ba, to zuciyarsa fara ce kamar auduga. Wadda aka haɗa ni da ita budurwa ce sa'ata, ɗalibar aikin jinya, mai yawan fara'a. Da safe ta koya wa 'yan firamare wanke hannu, da hantsi mu zauna awo da rigakafi.

Ranar nan wata matashiyar uwa ta zo da gwaggon mijinta. Gwaggon ce ke goye da jaririn. Ita uwar ta raɓe gefe, ta ja mayafi, tana kallon gonar gero. Baƙuwar ta tambaye ta sunan yaron. Gwaggon ce ta amsa. Aka rataya shi, ya tsala kuka, uwar ba ta waiwaya ba. Ni dai na ga yatsunta suna murza bakin mayafi kamar za su huda shi.

Na gaya wa baƙuwar cewa ɗan fari ne. Na ce a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, kuma wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ta saurare ni tana murmushi irin na wanda ya riga ya san amsa. Ta ce sun karanta wannan ciwo a makaranta, uwa ta kasa son jaririnta bayan haihuwa, kuma sau da yawa al'ada ce ke rufa masa asiri. Wai ni tafinta ce kawai, in tambaye ta ko tana son yaron.

Na ce ba zan tambaya ba.

Sai ta ciro shi daga sikeli, ta taka har inda uwar take, ta yaye mata mayafi, ta manna mata shi a ƙirji. Ta kama hannayenta ta naɗe su a bayansa, ta tallabo haɓarta tana nuna mata ta dube shi. A gaban gwaggon miji. A gaban matan ƙauyen duka.

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "To, yau Baturiya ta koya miki son ɗa. Sumbace shi mana mu gani."

Gwaggon ta juyo wurina. "Ɗiyata, mi munka yi ma Baturiyar nan?"

Na ce, "Ba ku yi komai ba, Inna."

Ta karɓi yaron ta goya, suka tafi ba a yi masa allurar ba. Uwar tana gaba, kanta a ƙasa, takalminta ɗaya ya cire ba ta tsaya ɗauka ba.

A mota baƙuwar sai farin ciki take, wai ta ga hawaye a idon uwar, alamar zuciyarta ta buɗe. Na yi ta magana har muryata ta shaƙe. Na ce yaron yana da sauran allurar ƙyanda da wasu, kuma matar nan ba za ta sake iya tako wurin ba. Ta dafa ni ta ce sauyi dama da zafi yake zuwa. Mako biyu ta yi a ƙasarmu. Gaisuwa ma ba ta gama koya ba, amma ta san abin da ke cikin zuciyar matar da ba ta taɓa jin muryarta ba. Wannan ne ke ci mini rai har yanzu: an gaya mata, da harshenta, ta zaɓi littafinta.

Ta koma gida da atamfa da lalle a hannu. Ni na ci gaba da zuwa ranar awo har damina ta yi nisa, ina duban hanya. Uwar ba ta dawo ba. Yaran ƙauyen ma sun laƙaba mata suna, suna rungume ƙirji idan ta wuce.

Sai bayan shekaru, a wani biki a Bodinga, ungozomar ƙauyen ta gaya mini cewa yaron bai rasa allura ko ɗaya ba. Uwar ce ke goya shi da kanta, ta taka da ƙafa cikin laka har asibitin garin Shagari, inda babu wanda ya san ɗan farinta ne.