Takardun Yaya Bashiru da Na Ƙona

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Bashiru makwancinsa a Gusau, har yau kuwa da ragowar maganar da ban faɗa wa kowa ba sai ku masu karatu.

Injiniyan lantarki ne. Ya dawo daga karatu a lokacin da jiharmu ke jaririya, ya kama shago a Sabon Gari yana zana wata na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba. Aikinta ta karɓi saƙo daga ƙwaƙwalwar mota ta ɗora shi kan waya biyu, domin inji da birki da sauran sassa su riƙa jin maganar juna. Ya ce irin wadda Turawa ke yi ba ta san zafinmu ba, ba ta kuma san makaniken da ke haɗa batir a juye ba. Tasa yake so ta jure duka biyun. A tsohuwar akori-kura yake gwada ta, yau Tsafe gobe Bungudu, idan ta ƙone ya dawo ya sake zane. Mu dai dariya muke masa, muna kiransa likitan motar da ba ta iso ba tukuna.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi. Bayan sadakar bakwai Inna ta sa in gyara ɗakinsa, na tarar da takardun zanensa cike da kwali biyu. Ɗabi'arsa ce ba ya fara shafi sai ya rubuta Bisimilla a samansa. Inna ta duba ta ce, "Takardun ga sunan Allah na bisansu. In munka bar su, ƙasa za su ƙare a tattake." Gaskiyarta ce, haka muka taso muka ga ana yi, takarda mai sunan Allah ƙone ta ake yi. Ni ne mai ilimin boko a gidan, ni ya kamata in ce a dakata. Amma ciwon rashinsa ya sa ba na son ganin rubutun hannunsa. Na kai su bayan gida na cinna musu wuta.

Ranar arba'in abokin aikinsa Emmanuel ya zo gaisuwa, ya tambayi zanen ƙarshe, wanda ya ce na'urar da aka ƙera da shi ta yi wata uku a mota ba ta ƙone ba. Na nuna masa wurin tokar. Ya duba, ya ce, "Ko shafi ɗaya, Malam?" Motar ma an riga an sayar da ita, da na'urar a jikinta.

Yanzu kowane gareji a Gusau da mai ɗauke da kwamfuta yana sauraron abin da mota ke faɗa. Da Yaya na nan, na san sai ya rama dariyar da muka yi masa, ko da yake hanyar Tsafen da yake bi a da babu fargaba, rashin tsaron da ke kanta yau zai sa shi kuka. Da-na-sani ƙeya ce, in ji masu iya magana, ni kuwa tawa ta yi nauyi.

Me ya rage nasa? Sunan kirki, da 'yarsa Hauwa da ya bari a goye, wadda yau take koyar da lantarki. Bara ta zaunar da ni ta ce in zana mata abin da babanta ya ƙera, ko yaya ne, ita za ta gane. Ta miƙo mini biro da farar takarda. Na ja layi biyu, daga nan ban san inda zan nufa ba. Ta karɓa ta ninke, ta sa a jakarta.