Dutsen Haibara a Gidanmu

Shekarar da aka soma rushe gidaje don faɗaɗa Harami, maigidana ya dawo daga aikin hanya a wajen Haibara da wani dutse naɗe cikin buhu. Faɗinsa kamar faifai, an sassaƙa masa layi huɗu na rubutun da ba Larabci ba, da zanen fitila mai rassa bakwai. Ya ce wani direba ya gaya masa rubutun Bani Isra'ila ne. Shi dai don in riƙa niƙa yaji a bayansa ya ɗauko shi.

Ni a unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, ina da takardata ta zama. Shi kuwa da mahaifiyarsa, Inna, da ƙafa suka ratso Sudan, ba su da ko ƙyallen takarda. Abin da zai kai sunansa gaban hukuma ƙarshensa a sa shi a jirgin ruwa a Jidda a mayar da shi gida, ga ni da goyo.

Inna na jin an ce Bani Isra'ila ta ƙwace dutsen. "Zuriyar annabawa ce ta rubuta, ke za ki ɗora masa barkono?" A wurin Inna duk rubutu mai tsarki na sha ne. Ta wanke shi a ƙwarya yadda ake wanke allo, ta sha, ta ce ciwon ƙafarta ya sake ta. Na yi dariya. Da na san inda abin zai kai, da ban yi ba.

Sai wata maƙwabciyarmu ta kwana biyu tana naƙuda. Inna ta aika mata da ruwan, kafin la'asar ta sauka lafiya. Shi ke nan. Mata daga unguwar Tandabawi, daga ta Hindawiyya, kowa da ɗan kwanonta a ƙarƙashin mayafi. Na ce, "Inna, nan fa Makka ce, ba Katsina ba. Laya ma ɓoye ta ake yi." Ta ce tsoro ne ya yi mini yawa. Gaskiyarta, tsoro nake ji, har abinci ya daina shiga mini.

Wata Laraba da hantsi mai kawo mana ruwa ya sauke garwarsa ya ce a hankali, "Magana ta kai ga masu sanda, 'yan hisba. An ce ana neman tabarruki da dutse a gidan nan. Bayan la'asar za su zo."

Na aika aka kira maigida. Ya taho da wani tsoho Bayamane, maƙerin azurfa, wanda ya koyi sana'a a hannun Yahudawa a ƙasarsu. Fatansa ko tsohon zai ce addu'a ce, a sami abin faɗa. Tsohon ya bi layukan da yatsa.

"Ya hajja," ya ce da Inna, "wannan dutsen kabari ne. Ga sunan mutumin, ga na ubansa. Wannan kalma ta ƙarshe, salama take nufi. Daga kan mamaci aka cire shi."

Inna ta zauna daɓas. Wata biyu ana shayar da masu ciki wankin kabari! Ni ma ai ta ɗura mini.

Fita da shi ba dama, unguwa duk ido ce. Haƙa rami kuma ƙasar gidan pa ce, dutse zalla. Maigida ya karɓi guduma da kurfi a jakar tsohon, ya durƙusa. Inna ta riƙe masa hannu.

"Ka mayar masa da abinsa. Amana ce."

"Inna, kwana nawa ne zuwa Haibara? Ga la'asar ta kusa."

Ni ce na ɓamɓare yatsunta daga hannunsa. Ban taɓa sa mata hannu ba sai ran nan. Ya fara sara, ina share ɓarɓashin ina zubawa a murhu, kowane bugu ji nake har bakin titi ana jin sa. Fitilar ce ta fi wuya. Ana kiran salla ya gama, na watsa barkono na hau niƙa.

Su biyu suka zo. Ɗaya ya nuna da sandarsa. "Esh hada?"

Na ce, "Dutsen niƙa ne, ya sidi."

Ya sa aka juya shi, ya duba gaba da baya, ya yi atishawa. Ya dubi maigida, dubawar da har yau nake tunawa, amma bai tambayi takarda ba. Suka fita.

Na yi hamdala da ƙarfi. Inna ba ta taya ni ba. Tana zaune tana shafa wurin da aka sare.

"Bawan Allahn nan ya fi shekara dubu da sunansa a kansa," ta ce. "Rana ba ta ci ba, ruwa bai ci ba. Sai a gidana."

Mun zauna da ita shekara tara bayan haka, ba ta ƙara cin miyar da aka niƙa a kansa ba.