Moton da Ya Bar Mini

Da na fita takaba, abin da na fara yi shi ne buɗe ɗakin da ke bakin zaure. Moton maigidana, wato babur ɗinsa, yana ciki, jingine da bango, yadda ya bar shi ranar da ciwo ya hana shi fita. Tayar baya ta sace. Na tsaya na duba, na ja ƙofa na koma cikin gida.

Moton nan ya fi daɗewa a ɗaki fiye da kan hanya. Bai jima da sayensa ba aka hana hawan moto a yankinmu na Diffa saboda rashin tsaro. Shekaru yana kan bulo biyu, lulluɓe da tsohuwar tabarma, maigidan kuma yana zuwa gonarmu ta tattasai a bakin Komadugu da ƙafa. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya shiga ya goge shi, ya juya tayoyin da hannu. Bai kunna ba ko sau ɗaya. Da aka sake ba da izini, damina biyu kawai ya hau shi.

Bayan kwana uku yayan maigidana ya zo. Dattijo ne mai sauƙin kai, ba ya ɗaga murya. Gonar ta gidansu ce tun kakanni, kowa da kasonsa, wanda ya kasa nomawa sai a ba wani. Ya ce lokacin dashe ya kusa, tattasai kuma yana son a tsaya a kansa kullum da safe. Da ƙafa tafiyar ta kai awa biyu, ga ni da ƴaƴa mata biyu a lakol, makarantar boko. Yana ganin gara ya ba wani ɗan uwansu da ya taso daga Barwa, ya riƙa kawo mana abin da ya samu. Moton kuma a sayar, tunda babu mai hawa.

Ba na ƙin ɗan uwan nasu. Amma na san duk gonar da ta fita hannun mutum ba ta cika dawowa ba, kuma ban so ƴaƴana su tashi suna jiran a kawo musu. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ranar dashe. Ya tambaye ni wa zai riƙa kai ni. Na ce zan san yadda zan yi. Ya ce to, saura sati uku.

Maƙwabciyata ce ta ji labarin ta kan katanga. Daga wajen Damasak ta Najeriya suka tsallako a shekarun tashin hankali, ita da tsohuwar mahaifiyarta. A can ungozoma ce, an ba ta mashin, kamar yadda take kiransa, tana zaga ƙauyuka da shi. Ta ce idan ita da take tsoron kaza ta iya tuƙi, ni ma zan iya. Ita ta sa aka tura moton wurin mai gyara, ya canza bujin da ke ba inji wuta, ya yi facin taya, ya zuba esansi a tankin mai. Da la'asar ya hawo shi ya dawo da shi. Da ƙarar ta iso ƙofar gida, ƙaramar ƴata ta fito da gudu tana zaton babanta ne, ta tsaya a zaure, sannan ta koma a hankali. Ranar ban iya fitowa na yi wa mai gyaran godiya ba.

Washegari muka tafi filin da ke bayan unguwa, inda ƙasa ke da tauri. Ta ara mini wando na sa a ƙarƙashin zane. Ta nuna mini inda zan matse da hannun hagu, da yadda zan sake shi sannu-sannu. Na zauna, moton yana rawa a ƙarƙashina, ita tana riƙe da ƙarfen baya.

"To, Yaya, yanzu sai giya," in ji ta.

Na juya na dube ta.

"Giya fa. Sai da giya za ki tafi. Ki fara da ɗaya, in kin saba ki ƙara."

"A'uzu billahi. Ni da na fita takaba kwanan nan?"

Ta dube ni, na dube ta. Sai ta saki ƙarfen ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta taka ɗan ƙarfen da ke gefen ƙafata, ta ce wannan take nufi. Abin da mu nan muke cewa bitas, su can giya suke ce masa. Ta ce da ta san haka nake kallonta, da ta zo da kofi biyu. Na ji wani sauti ya fito daga ƙirjina, sai daga baya na gane dariya ce. Rabona da ita tun kafin maigidana ya kwanta ciwo.

Kullum bayan la'asar muke zuwa. Satin farko moton ya yi ta mutuwa a hannuna. Na faɗi sau biyu, salansa ya ƙona mini ƙauri. Wasu matan unguwa sun ce bai dace ba, wasu sun zo kallo, ɗaya ta tambaya a ɓoye ko za a koya mata in na gama. A sati na biyu na zaga filin ba tare da an riƙe ni ba. Nan na lura da wani abu. Duk hawan da na taɓa yi a bayan maigidana nake, zaman gefe, ina ganin kafaɗarsa da ɓangare ɗaya na hanya. Ban taɓa ganin hanya tana tahowa gabana ba. Na tsaya a ƙarshen filin na daɗe, maƙwabciyata ba ta kira ni ba.

Ranar dashe na fita bayan sallar asuba da gari ya waye. Ta so ta raka ni, na ce a'a, tunda ba kullum za ta raka ni ba. Na wuce kasuwa ana buɗe rumfuna, na wuce shingen sojoji, suka duba takardata suka miƙo mini. Na bar kwalta na gangara wajen kogi. Iska tana ɗauke da ƙamshin laka da ɗanyen haki.

Saura kaɗan na isa sai yashi mai zurfi, abin da babu shi a filinmu. Kan moton ya fara lilo, na tsorata na danne birki, muka kwanta tare ni da shi. Ina ɗagowa na ga yayan maigidana tsaye a bakin gona, shi da ɗan uwan nan na Barwa. Sun ga komai. Na ce a raina shi ke nan.

Dattijon ya taho a hankali. Ya tambaya ko na ji ciwo, na ce a'a. Ya kashe moton, ya ɗaga shi, ya kakkaɓe yashin da ke kujera da hularsa.

"Nan wurin ya kayar da ƙanena ya fi sau uku," in ji shi. "Na san bai gaya miki ba."

"Bai gaya mini ba, Yaya."

"Gobe ki bi ta hagu, ƙarƙashin gorubar can. Ƙasar ta fi ƙarfi."

Sai da na tura moton inuwa na fahimci ya ce gobe. Da na dawo ya riga ya sa ɗan uwan ya tada injin ban ruwa, ya ce masa ya taya ni yau, shi za a nema masa wuri ta wajen arewa. Ya miƙo mini damin irin tattasai, saiwoyin da laka a jiki. Na ɗaure zanena, na shiga fangalin farko, na fara dasawa.