Faifan da na sa aka cika mini da waƙa

Ko na manta sunan ƙauyenmu, ba zan manta da ranar sunan ɗana na fari ba. Shekarar na dawo daga ci-rani da rediyo mai faifai, lasifika biyu kowace ta kai tulu. A Tajaye babu mai irinta. Lokacin kaina ya fi hulata girma.

Ana jibi suna na hau mota zuwa Konni, wajen wani mai kwamfuta da ke zuba waƙa a faifai. Ya tambayi irin rediyona, na kwatanta mishi. Ya ce, "Maigida, tsohuwar yayi ce. Waƙa goma sha biyar za ta ɗauka, irin zubin kamfani. In na matsa da yawa, ba ta karantawa."

Ni kuwa na ga ya ba wani ɗan kabu-kabu faifai mai waƙa ta fi ɗari, kuma kuɗin ɗaya ne. Mu da munka saba ko tiyar gero anka auna sai ta yi tozo, an ƙara gyara? Na ce, "Kai yaro, ka ga baƙauye ko? Cika shi har baki!"

Ya dube ni, ya ce, "To, kai ka sani." Ya cika.

Da na koma gida na aika wa dangin matata cewa kada mace ta wahala da kiɗan ƙwarya, zamani ya zo. Ban ko gwada faifan ba, wai kada ya goge.

Ranar suna bayan azahar mata sunka cika gida, an ci ado. Na tada gurup, injin wutar da na aro, na sa faifai, na danna. Abu ya yi cur-cur, ya rubuta wani turanci, ya yi shiru. Na fiddo faifan, na huhhura, na goge da bakin riga. Shiru. Taubashina ya ce a kife shi, munka kife. Wani ya shafa mishi man goge haƙori. Kawuna har tofi ya yi mishi, yana cewa da hannun maƙiya a ciki. Gumi ya jiƙa mini shadda, gurup na ta shan mai a banza.

Sai kakar matata, tsohuwar da kullum ke ce mini angonta, ta miƙe ta ce, "Angona, wanga baƙo naka kurma ne ko bebe? Ku ɗauko mini ƙwarya!"

Nan take anka kife ƙwarya a ruwa, ta fara waƙa, kuma ni ne waƙar: mai gida ya sayo jaki biyu, ko ɗaya bai yi kuka ba. Mata na amshi, ana guɗa. Har matata, da jego da komai, na ji dariyarta daga ɗaki. Na ja kujera bayan rumbu na zauna.

Da kasuwa ta zagayo na koma Konni. Mai kwamfuta ya zuba goma sha biyar a hankali. Ina sawa a gida ta ɗauka, tas. Matata ta leƙo ta ce, "Rage, yaro na barci."

Yaron nan yau ya fi ni tsawo, rediyon kaji ke kwana a kanta, amma waƙar tsohuwa har yanzu ana yin ta a bukukuwan unguwarmu. Tun ranar, in mai sana'a ya ce mini abu ba ya yiwuwa, rufe bakina nake yi. Ba kowa ne ya hana ka da yawa don ya cuce ka ba.